MU SAN DUNIYA: LABARIN MUTANEN IRLANDA DA GONAKINSU DA HARSHENSU



A wannan karo za mu yi tafiya mai nisa. Za mu Turai, wani tsibiri da ake ce ma Irlanda. Wasu gidajen rediyo suna cewa Ailan. Tsibiri shi ne ƙasa wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Irlanda tana cikin teku, yamma da Ingila. Ba ta da girma. In aka haɗa jahar Maraɗi biyu, an sami faɗinta. Nijar ta ninka ta sau 15. Babban birninta shi ne Dublin.

Can ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ciyawa kore shar take shekara duka. Makiyayin Dakoro ko na Abalak in ya gan ta zai ce nan ba a san yunwa ba. Amma a wannan ƙasar ce yunwa ta kashe mutum wajen miliyan 1 cikin shekara 7. Kuma mutanenta suna da harshensu, suna rubutu da shi tun fiye da shekara 1,000, amma yau akasarinsu da Ingilishi suke magana a gida. Yaya aka yi haka? Ku biyo mu sannu.

Mutanen shanu da waƙa

Harshen mutanen Irlanda sunansa Gelik. A zamanin da ba su da sarki ɗaya. Sarakuna ƙanana ne barjat, kowa da ƙasarsa. Arzikin mutum shanunsa. Da shanu ake biyan diyya, da su ake auna girman gida.

Shi ya sa babban labarinsu na gargajiya labarin shanu ne. Suna kiransa Tain, wato korar shanu. Wata sarauniya ce mai suna Meb ta yi gardama da mijinta, wa ya fi wani dukiya. Aka fito da tukwane, da tufafi, da zobba, da tumaki, da dawaki. Kome ya zo daidai, sai bijimi ɗaya mai farin ƙaho da mijin ya fi ta. Sarauniya ta kasa barci. Ta ji labarin wani bijimi a ƙasar arewa, ta aika a ara mata shi shekara ɗaya. Mai bijimi ya yarda. Amma manzanninta suka sha giya, suka ce ai ko bai yarda ba da ƙarfi za su tafi da shi. Magana ta kai kunnen mai bijimi, ya fasa. Sai yaƙi. Wani saurayi ɗan shekara 17 ya tsaya a mashigin gulbi shi kaɗai, yana tare mayaƙan sarauniya ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshenta bijiman biyu suka kara, ɗaya ya kashe ɗaya, wanda ya yi nasara shi ma ya faɗi ya mutu. An daɗe ana faɗin wannan labari da baki, kuma akwai littafin fata da aka rubuta shi ciki wajen shekara ta 1100. Littafin yana nan Dublin har yau.

Kowane sarki yana da mawaƙinsa. Mawaƙi yakan yi shekaru yana koyo kafin a yarda da shi. Shi ke riƙe da asalin sarakuna a ka, shi ke wasa sarki. In sarki ya yi rowa kuma, sai zambo. Sun yi imani zambon mawaƙi yana iya fitar da ƙuraje a fuskar mutum. Wanda ya san maroƙan fada a ƙasarmu ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Addinin Kirista ya shiga ƙasar tun wajen shekara ta 430. Malaman addini su suka kawo alƙalami da littafi. Ba su tsaya ga harshen addini kaɗai ba, suka riƙa rubuta labarai da waƙoƙi da dokokin mutanensu da Gelik.

Yadda gonaki suka fita hannunsu

Cikin shekara ta 1169 mayaƙa suka ƙetaro daga Ingila. Wani sarkin Irlanda ne da aka kora daga gadonsa ya je ya kira su. Sun shigo, ba su koma ba. Sannu sannu sarakunan Ingila suka riƙa cin ƙasar.

Daga baya rigimar addini ta shigo. Duka Kirista ne, amma Ingila ta bar bin Fafaroma, ta zama Furotesta. Akasarin ƴan Irlanda suka tsaya Katolika. Daga 1609 sarkin Ingila ya ƙwace gonakin arewacin tsibirin, ya kawo baƙi Furotesta daga Ingila da Sikotilan ya zaunar da su. Ku riƙe wannan shekara, za mu komo gare ta. A 1649 wani shugaban yaƙi mai suna Cromwell ya zo ya yi kisa mai yawa, ya raba ma sojojinsa gonaki a madadin albashi.

Ga lissafin. A 1641 Katolika ke da kamar kashi 60 cikin 100 na ƙasar noma. A 1703 saura kashi 14. Sannan aka kafa musu dokoki masu tsanani. Ba su da izinin sayen gona. Ba su shiga majalisa. Ba su riƙe doki wanda kuɗinsa ya fi fam 5. Ba su buɗe makaranta.

Mutane ba su bar karatu ba. Malamai suka riƙa karantar da yara a ɓoye, bayan shinge ko cikin rumfar dabbobi. Har yau ana kiran waɗannan makarantun shinge. Iyaye suna biyan malami da ɗan kuɗi, ko man shanu, ko abin hura wuta.

A 1801 aka rufe majalisar Dublin, aka haɗe Irlanda da Ingila, kome sai daga Landan. Wani lauya mai suna Daniel O'Connell ya tara talakawa, kowa yana ba da kwabo ɗaya a wata, har a 1829 aka yarda Katolika su shiga majalisa. Amma gona tana nan hannun masu ita.

Cimaka iri ɗaya

To, yaya manomi yake rayuwa bisa gonar da ba tasa ba? Haya yake biya. Mai gonar sau da yawa yana zaune Landan, bai taɓa ganin gonar ba, wakili ke karɓar masa kuɗi. Manomi yana noma alkama da sauran ƙwaya, yana kiwon alade, duka a sayar a biya haya. In ya gyara gona ta yi kyau, sai a ƙara masa haya. In ya kasa biya, a kore shi.

Abin da ya rage masa ɗan fili ne bayan ɗaki. Nan yake shuka dankalin Turawa, wannan da ake nomawa a garakan Agadas da Bonkuku. Dankali yana ba da yawa cikin ƙaramin fili, kuma da shi da nono mutum yana ƙoshi ya yi ƙarfi. Magidanci mai aikin ƙarfi yana cin kilo 5 ko 6 a yini. Safe dankali, rana dankali, dare dankali. A ƙidayar 1841 mutanen Irlanda sun ɗara miliyan 8. Wajen miliyan 3 daga ciki ba su da wata cimaka sai shi. Kuma kusan kowa iri guda yake shukawa, don ya fi yabanya.

Amma dankali ba hatsi ba ne. Hatsi in an sa shi rumbu da zangarniyarsa yana shekara biyu, uku. Dankali ba ya kai shekara. Ba a ajiye na bana don baɗi. Ko a shekara mai kyau, tsohon yakan ƙare kafin sabon ya nuna, mutane su yi wata biyu cikin wahala, kamar yadda muke yi tsakiyar damina. Kuma irinsa shi ne ɗiyansa. In ya ruɓe, cimaka ta tafi, iri ya tafi.

Babbar yunwa

A watan Satumba na 1845 wata cuta ta faɗa ma dankali. Jiragen ruwa suka kawo ta daga Amurka, kuma tana son laima. Ganye ya yi baƙi. Manomi ya tona, ya iske dankali ya zama ruɓaɓɓen abu mai wari. Wani ya tona shi lafiya, ya rufe a rami, bayan kwana kaɗan ya buɗe ya tarar ya narke. A shekarar farko an yi hasarar fiye da kashi ɗaya cikin uku. A 1846 kusan duka ya tafi. A 1847 cutar ta yi sauƙi, amma babu irin shukawa. A 1848 ta komo.

Gwamnatin Landan ta sayo masara daga Amurka. Mutane ba su san ta ba, ba su san niƙa ta da dafa ta ba, ta riƙa ɓata musu ciki. Wanda ya ci cimakar taimako a 1973 ko 1984 ya san yadda baƙon abinci yake yi ma ciki mai yunwa. Sannan aka ce ba za a ba kowa kyauta ba, sai ya yi aiki. Aka sa mutane fasa duwatsu da gina hanyoyi cikin ɗari mai tsanani. A watan Maris na 1847 fiye da mutum 700,000 ke wannan aiki. Kuɗin yini bai isa ciyar da iyali ba. Wasu nan bakin hanya suka faɗi.

Bayan haka aka buɗe wuraren dafa abinci. A watan Yuli na 1847 mutum miliyan 3 ake ba abinci kowace rana, kuma mutuwa ta ragu. Wannan ya nuna da an so da an iya. Amma bayan ƴan watanni aka rufe su. Manyan Landan suka ce kada a ɓata ma ƴan kasuwa ciniki, kuma dukiyar Irlanda ita za ta ɗauki talakawan Irlanda. Aka kuma kawo wata doka: duk mai riƙe da gona wadda ta fi mita 32 a tsaye, 32 a kwance, ba shi da taimako sai ya sake ta. Magidanci ya zaɓa, ko gona ko ran ɗiyansa. Masu gonaki suka kori dubban iyalai, suka rushe ɗakunansu don kada su komo, suka zuba shanu da tumaki a wurin.

Abin da ƴan Irlanda ba su manta ba shi ne wannan: cikin waɗannan shekaru jiragen ruwa ba su daina fita da ƙwaya da shanu da man shanu zuwa Ingila ba, wani lokaci da soji a gadi. Gaskiya ne daga 1847 ƙwayar da ta shigo ta fi wadda ta fita. Amma wanda ba shi da kuɗi, shigowarta da fitarta duk ɗaya ne gare shi. Cutar dankali ta taɓa ƙasashe da dama na Turai. Babu inda ta yi kisa kamar nan.

Taimako ya zo daga nesa. Sarkin Musulmi na Istambul, Abdul Majid, ya aiko da fam 1,000. Wata ƙabila ta jajayen mutanen Amurka, Cokta, waɗanda su ma aka kora daga ƙasarsu ba da daɗewa ba, suka tara dalar Amurka 170 suka aiko.

Wajen mutum miliyan 1 suka mutu, akasari da zazzaɓi da zawo waɗanda ke bin yunwa. Fiye da miliyan 1 suka shiga jirgi zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Da yawa ba su isa ba. A wani ƙaramin tsibiri na Kanada, inda ake tsare jirage don duba marasa lafiya, an rufe fiye da mutum 5,000 a 1847 kaɗai. Kuma wannan ba cin rani ba ne. Wanda ya tafi ya tafi ke nan. Ƙaura ba ta tsaya ba bayan yunwa. A 1911 mutanen tsibirin saura miliyan 4 da dubu 400. A ƙidayar 2021 da 2022 sun kai miliyan 7. Wato har lokacin ba su mayar da yawansu na 1841 ba.

Sanda a wuyan yaro

Waɗanda suka mutu da waɗanda suka tafi akasari talakawan yamma ne, su ne kuwa masu Gelik. Kafin yunwa masu harshen sun ɗara miliyan 3. A 1851 saura miliyan 1 da rabi. A 1911 wajen 550,000.

Tun 1831 gwamnati ta buɗe lakwal ko'ina, amma da Ingilishi kaɗai ake karatu. A wasu wurare ana rataya ma yaro ƴar sanda a wuya. Duk lokacin da ya yi Gelik sai a yi mata tsaga. A ƙidaya tsaga, a yi masa bulala. Tsofaffin ƴan lakwal na ƙasarmu sun san ƴar'uwarta, wato sambol. Abin tausayi, sau da yawa iyaye ne da kansu ke yin tsagar a gida. Kada mu yi saurin zarginsu. Sun ga yunwa da idonsu. Sun san yaron nan Amurka za shi, can kuwa Gelik ba ya sayen ko gurasa.

Manoma sun haɗa kai

A 1879 damina ta sake ɓaci. A wannan karo manoma ba su zauna jiran mutuwa ba. Wani mai suna Michael Davitt ya kafa ƙungiyar manoma, tare da ɗan majalisa Parnell. An kori iyayen Davitt daga gonarsu yana ɗan shekara 4. Yana da shekara 11 injin masaƙa ya cinye masa hannun dama a Ingila.

Ga dabararsu. A 1880 wani wakilin mai gona, Kyaftin Boycott, ya ƙi rage haya yadda manoma suka roƙa, ya nemi korar su. Ba wanda ya taɓa shi. Sai dai ƴan ƙodago suka bar gonarsa. Maƙeri ya ƙi yi masa aiki. Mai kanti ya ƙi sayar masa. Mai wanki ta daina zuwa. Sai da aka kawo mutum 50 daga arewa su yi masa girbi, da soji da ƴan sanda wajen 1,000 suna gadinsu. Kuɗin gadi ya ninka kuɗin amfanin gonar sau da yawa. Kafin shekara ta ƙare ya bar ƙasar. Sunansa ya shiga Ingilishi da Faransanci. In kun ji ƴan siyasa suna cewa za su yi boikot na zaɓe, wato su ƙaurace masa, sunan wannan mutum suke faɗi.

A 1903 aka yi doka: gwamnati ta ranta ma manomi kuɗi ya sayi gonar da yake nomawa, ya biya kaɗan kaɗan cikin shekara 68. Kafin shekara 20 akasarin manoma sun zama masu gonakinsu.

Makarantun dare

Gona ta komo, saura harshe. A 1893 wasu masu ilimi suka kafa ƙungiyar raya Gelik. Shugabanta Douglas Hyde, Furotesta ne, ɗan limamin coci, wanda ya koyi harshen wurin tsofaffin ƙauyensu. Suka buɗe ɗaruruwan rassa. Malamai suna yawo bisa keke ƙauye ƙauye. Da dare manya suna taruwa bayan aiki, suna koyon karatu da rubutu da harshen kakanninsu. Suna da jaridarsu, sunanta Takobin Haske.

A waɗannan azuzuwan dare ne da yawa daga masu neman ƴancin kai suka fito. Ɗaya daga cikinsu Patrick Pearse, malamin makaranta ne, mawaƙi, kuma ya taɓa riƙe jaridar. Ran 24 ga Afrilu 1916 shi da abokansa suka kama babban gidan waya na Dublin, suka ce Irlanda ta zama jamhuriya. Kwana 6 aka murƙushe su. Da farko mutanen gari ba su goyi bayansu ba. Amma da Ingila ta harbe shugabanni 15, zukata suka juya. Aka yi yaƙin sari ka noƙe daga 1919 zuwa 1921. A 1922 kudanci, gunduma 26, ya sami mulkin kai. Gunduma 6 na arewa suka tsaya da Ingila, don jikokin baƙin 1609 su suka fi yawa can. A kan wannan yarjejeniya abokan jiya suka yi yaƙin basasa har 1923. Hyde ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938.

A arewa kuwa Katolika sun daɗe ana danne su wajen aiki da gidaje da ƙuri'a. Daga 1969 rikici ya ɓarke, ya yi shekara kusan 30, ya ci rai wajen 3,500. Ran 10 ga Afrilu 1998 aka yi sulhu, bisa sharaɗin ɓangarorin biyu su raba mulki.

Masuncin da ya yi littafi

Ƴan Irlanda sun yi suna a duniya wajen rubutu. Huɗu daga cikinsu sun ci kyautar Nobel ta adabi: Yeats a 1923, Shaw a 1925, Beckett a 1969, Heaney a 1995. Amma ba ɗaya cikinsu da ya yi littattafansa da Gelik. Da Ingilishi suka rubuta, Beckett ma har da Faransanci.

Mu dai wanda ya fi shiga ranmu wani ne daban. Can ƙarshen yamma akwai wani ɗan tsibiri, Blasket, wanda mutanensa ba su taɓa kai 200 ba. Nan aka haifi Tomas O'Crohan, masunci kuma manomi. Ya ɗan taɓa lakwal yana yaro, da Ingilishi. Sai da ya kai wajen shekara 40 sannan ya koyi rubuta harshen da ya sha a nono. Da ya tsufa, wani baƙo mai koyon Gelik ya ce masa ya rubuta abin da ya gani. Ya riƙa rubutawa shafi shafi yana aikawa ta gidan waya: kamun kifi, da haɗarin teku, da masu karɓar haya, da aure, da ɗiyansa da suka riga shi mutuwa. Littafin ya fito a 1929, sunansa Mutumin Tsibiri. An juya shi cikin harsuna da dama. Wata tsohuwa ta tsibirin, Peig Sayers, gwanar tatsuniya ce amma ba ta iya rubuta Gelik ba. Ita ta faɗa, ɗanta ya rubuta, nata littafin ya fito a 1936. A 1953 gwamnati ta kwashe mutanen da suka rage a tsibirin, don samari duk sun tafi. Yau kufai ne, sai masu zuwa kallo.

Tun 1922 Gelik harshen hukuma ne, ana koyar da shi a lakwal. Yana da rediyo da talabijin. A ƙidayar 2022, mutum wajen miliyan 1 da dubu 900 suka ce sun iya shi. Waɗanda ke magana da shi kowace rana a wajen makaranta kuwa wajen 72,000 ne.

Malam, bayan an karanta, a tattauna waɗannan da ɗalibai:

Iri nawa ake shukawa a gonakin garinku? In ɗaya ya ɓaci, me ke tsayawa?

Akwai masu noma gonar aro ko ta jingina a garinku? Wa ke riƙe da takarda?

Wane tsoho ko tsohuwa ne ya fi sanin labarin yunwar 1973? Wanda hannunsa ya faɗa ya je ya rubuto abin da aka faɗa masa, a aiko ma jarida.